Tucson mai cikakkun kaya ko RAV4 marar ƙyale-ƙyale: wacce ta fi cancantar kuɗina?

"Assalamu alaikum Malam. Ina son sayen ƙaramar jif don iyali: ni da maiɗakina da yara uku, babban shekararsa tara, ƙaramar kuwa har yanzu a kujerar jarirai take zama. Yawancin tuƙina cikin gari ne, sai tafiya mai nisa jefi-jefi. Na tsaya a kan motoci huɗu na hannu, ƙirar 2019 zuwa 2022: Toyota RAV4, Honda CR-V, Mazda CX-5 da Hyundai Tucson. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kuɗin da zai saya min RAV4 ta matakin ƙasa, marar komai, shi ne zai saya min Tucson ful-ofshin, mai rufin gilashi da kujerun fata da kyamara ta kowane gefe. Niyyata in riƙe motar aƙalla shekara takwas. Don Allah wacce ta fi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka guda biyu ce a dunƙule. Ta farko, wacce daga cikin huɗun nan za ta ɗauki iyalinka ba tare da takura ba. Ta biyu, shin kayan alatun da ke cikin Tucson sun kai a bar sunan Toyota saboda su. Aikina duba motoci ne ga masu saye kafin su biya, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya zo da takardar da ya jera kayan kowace mota, wadda jerinta ya fi tsawo ita ce ta ci. Ni kuwa daga wani wajen nake farawa: daga abubuwan da ba za ka iya sauyawa ba bayan ka karɓi makulli. Inji, giya, girman jiki da ƙarfin ƙarfen da zai kare ku idan hatsari ya auku. Rediyo da kyamara da rigar kujera duk ana iya ƙarawa daga baya. Giyar da ba ta dace da irin tuƙinka ba, da ita za ka zauna.

Ka fara sanin irin motar da kake saye. Duk huɗun nan, a ƙarƙashinsu ƙirar ƙaramar mota ce aka ɗaga sama: jiki da shasi abu ɗaya ne, ba kamar Land Cruiser ko Hilux da aka ɗora jikinsu a kan firam ɗin ƙarfe ba. Toyota ce ta buɗe wannan kasuwa da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, Tucson ta zo a 2004, CX-5 kuma a 2012. Tsawonsu yana tsakanin mita huɗu da rabi zuwa kusan 4.7. Amfanin wannan ƙira shi ne sauƙin tuƙi da rangwamen shan mai. Iyakarta kuma ita ce ba motocin daji ba ne, ko da an manna musu tambarin da ke cewa haka.

Inji da giya

A nan ne sunan mota yake yaudarar mutane, domin suna ɗaya yana iya ɗauke da injuna uku da giya iri biyu, ya danganta da shekarar da kuma ƙasar da aka ƙera ta dominta.

RAV4 ta shekarun da ka ambata, wadda ta fito a ƙarshen 2018, tana da injin 2.5 marar turbo, mai ƙarfin doki 203 a ƙirar Amurka, da giya mai sauya kanta mai mataki takwas. A wasu kasuwannin injin 2.0 ne da giyar CVT, wato giya mai sauya kanta da ke aiki da bel maimakon matakai. Injin 2.5 ɗin yana da ƙara idan ka taka totur sosai, ba ya da daɗin ji, amma abu ne mai sauƙin sha'ani. Yana fesa fetur ta hanya biyu, kai tsaye cikin silinda da kuma ta bayan bawul, wanda ke rage taruwar baƙin datti a kan bawul, matsalar da injunan da ke fesawa kai tsaye kaɗai suke fama da ita idan sun tsufa.

CR-V daga 2017 yawancinta ta koma ƙaramin inji na 1.5 mai turbo, ƙarfin doki 190, da CVT. Tana tashi da sauƙi a cikin gari kuma ba ta shan mai. Sai dai an san ta da wata matsala a ƙirar 2017 da 2018, musamman a wurare masu tsananin sanyi irin su Kanada da arewacin China: fetur yana sauka ya gauraya da baƙin mai idan injin bai samu ya yi zafi sosai ba. Honda ta sabunta manhajar injin, ta kuma tsawaita garanti a wasu ƙasashe. Ga mai zama a wuri mai zafi abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba, amma darasin yana nan: ƙaramin inji mai turbo ba ya yafe wa mai jinkirin juye baƙin mai. Idan ka je duba ta, zaro sandar auna mai ka sansana. In ka ji warin fetur, ko man ya haura alamar cika, ka nemi bayani.

CX-5 tana da 2.5 marar turbo, ƙarfin doki 187, da giya mai mataki shida irin ta gargajiya. A cikin huɗun ita ce na fi jin daɗin tuƙawa, sitiyarinta yana amsawa daidai, cikinta shiru, kayan da aka yi dashbod da su sun fi na sauran kyau. A 2019 Mazda ta yi kiranyen ƙirar 2018 da 2019 a Amurka, wato ta nemi masu su su dawo da su a gyara kyauta, don gyara manhajar da ke kashe silinda biyu idan mota ba ta buƙatar ƙarfi sosai, sai ka tabbatar an yi wa wadda kake gani wannan gyara.

Tucson ce ta fi buƙatar ka buɗe ido, domin shekarun da ka ambata sun haɗa zamani biyu. Tsohuwar ƙira, wadda ta fara a 2015, gajera ce. Sabuwar, mai fitilun da suka saje da gaban mota, an nuna ta a 2020, kuma tana zuwa da tsawo iri biyu: gajera ga Turai, doguwa ga Amurka da wasu kasuwanni. A giya ma haka: akwai mai mataki shida ko takwas irin ta gargajiya, akwai kuma injin 1.6 turbo da giya mai kuloci biyu, mataki bakwai. Wannan ta ƙarshen ita ce ba zan zaɓa wa mai yawan tuƙi a cunkoso ba. Dalili kuwa, kulocinta busasshe ne, ba ya cikin mai. A gosulo, inda kake sakin birki kaɗan-kaɗan kana jan jiki, kulocin yana ta goguwa yana zafi, sai motar ta fara karkarwa wajen tashi, daga baya kuma a sauya shi. A kan doguwar hanya ba ta da laifi ko kaɗan. Haka kuma wasu injunan Hyundai da Kia na dangin Theta II sun jawo kiranye mai yawa a Amurka saboda matsalar biyarin, don haka lambar VIN, wato lambar shasin motar, ita za ka bincika, ka ga ko akwai kiranyen da ba a kammala ba.

Game da CVT, mutane suna jin tsoronta fiye da kima, wasu kuma suna sakaci da ita fiye da kima. Bel ne na ƙarfe yake gudana tsakanin fula biyu masu buɗewa da tsukewa, babu haƙoran giya. Abin da ke kashe ta zafi ne da tsohon mai da jan kaya masu nauyi. Yawancin waɗanda na tarar sun lalace, ko dai ba a taɓa sauya musu man giya ba, ko an zuba musu man da ba nasu ba. In ta lalace kuma ba kasafai ake gyara ta ba, sauyawa ake yi gaba ɗaya. Saboda haka, CR-V mai takardun da ke nuna an sauya man giya a kan lokaci mota ce mai kyau. Wadda ba ta da takarda ko ɗaya, caca ce.

Maganar mai haɗa fetur da lantarki

Tunda tuƙinka na cikin gari ne, ban so ka wuce wannan ba. RAV4 mai haɗa fetur da lantarki tana da ƙarfin doki 219 a ƙirar Amurka, ta fi ta fetur zalla ƙarfi, kuma a gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka tana cin kusan lita 5.9 a kilomita 100, ta fetur kuwa kusan 7.8. Idan kana yin kilomita 15,000 a shekara, bambancin ya kai kusan lita 285. A shekara takwas ya haura lita 2,200. Ka ninka da farashin fetur a inda kake, sai ka kwatanta da ƙarin kuɗin da za ka biya wajen saye. A cunkoso ratar ta fi haka ma faɗi, domin injin yana mutuwa idan ka tsaya, birki kuma yana mayar da wuta cikin batir. A doguwar hanya da gudu sosai ratar tana raguwa.

Giyarta ana kiranta e-CVT, amma ba ta da bel. Haƙoran ƙarfe ne da injunan lantarki biyu, tsarin da Toyota take amfani da shi tun Prius ta 1997, kuma yana cikin abubuwan da ba kasafai nake ganin sun ba da matsala ba. Batirin ne abin dubawa: yana da 'yar fanka da matata da ke shaƙar iska daga cikin mota, in ƙura ta toshe ta batirin yana zafi ya tsufa da wuri. A Amurka Toyota ta mayar da garantin batirin shekara 10 ko mil 150,000 daga ƙirar 2020, amma garanti yana bin ƙasar da aka sayar da mota, ba lallai ya bi ta zuwa wata ƙasa ba. Ita ma tana da nata tabon: masu ƙirar 2019 zuwa 2021 sun koka cewa tanki ba ya cika sosai, a wuraren da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara kuma wayar babbar wuta da ke zuwa injin lantarki na baya tana yin tsatsa. Sharaɗin ƙarshe: kafin ka saya, ka tabbatar akwai makanikin da ya san wannan tsari kusa da kai, mai na'urar da ke karanta lafiyar batir. In babu, ta fetur zalla ta fi maka kwanciyar hankali.

Kujerar baya da but

Yara uku, ɗaya a kujerar jarirai. Wannan kaɗai ya isa ya rage jerinka. CX-5 ce mafi ƙunci a baya, kuma but ɗinta ya fi na sauran ƙanƙanta. Duk son da nake mata, ba zan ba ka ita ba. CR-V ce ta fi yalwa: ƙasan bayanta kusan a shimfiɗe yake, ba tudun da zai hana na tsakiya ajiye ƙafa, ƙofofin baya suna buɗewa sosai, abin da mai ɗaura jariri a kujera kullum zai gode wa. RAV4 tana biye da ita. Doguwar Tucson sabuwa tana gogayya da su biyun. Tsohuwar kuwa ta fi kusa da CX-5.

Kada ka yarda da alƙaluman but har sai ka san yadda aka auna. A Turai ana cika but da ƙananan tubala har zuwa murfinsa, a Amurka kuma ana aunawa har rufin mota. Shi ya sa RAV4 ɗaya za ka gani an rubuta lita 580 a takardar Turai, a ta Amurka kuma an rubuta adadin da ya haura lita 1,000. Wanda ya kwatanta lambar wannan da ta waccan ya ruɗi kansa. Gani ya kori ji: tafi da kujerar jaririyar da keken turata, ka ɗaura kujerar a maƙalanta na ISOFIX, wato ƙarafan da aka tanada a kujerar baya don kujerar yara, ka zaunar da manyan biyu a gefe, ka ga ko hannunsu zai kai wajen maƙala bel. A yawancin motocin wannan aji maƙalan suna kujerun gefe biyu ne, don haka ɗaya daga cikin manyan ne zai zauna a tsakiya. Ka duba bel ɗin tsakiyar, mai ratsa kafaɗa ne ko na ƙugu kaɗai. Sannan ka ɗaga shimfiɗar but ka ga ko akwai safaya taya. Wasu, irin CR-V mai haɗa fetur da lantarki ta Amurka, ba su da ita, sai kwalbar liƙe faci da ɗan famfo.

Kariya

A nan ina so ka ware abu biyu: abin da ke hana hatsari da abin da ke kare ka in ya faru. Na biyun, wato ƙarfin jiki da jakunkunan iska, ba a ganinsa da ido, sai a sakamakon gwaji. Cibiyoyin gwajin hatsarin mota, Euro NCAP a Turai da IIHS a Amurka, su ne na fi dubawa. Amma taurari suna da shekara: taurari biyar na 2015 ba daidai suke da biyar na 2022 ba, domin gwajin yana ƙara tsanani. Misali, a 2021 IIHS ta tsananta gwajin bugu ta gefe, ta gwada ƙananan jif 20, CX-5 kaɗai ta samu maki mafi girma. Wannan yana cikin abin da ke sa nake jin ciwon cire ta daga jerinka.

Abu na biyu da ya kamata ka sani, mota mai suna ɗaya ba kaya ɗaya take zuwa da su a kowace ƙasa ba. Na'urar hana zamewa ta zama dole a Amurka tun ƙirar 2012, a Tarayyar Turai tun 2014, kyamarar baya kuma dole ce a Amurka tun Mayun 2018. A kasuwannin da doka ba ta tilasta ba, matakin ƙasa yana iya zuwa da jakar iska biyu kacal. Ka ƙirga su da kanka: gaba, gefen kujera, da na labule da ke saukowa daga rufi ya rufe tagogi har baya, inda yaranka suke. Kuma a motar hannu, ka lura da fitilar jakar iska idan an murɗa makulli: ta kunnu na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. Na sha tarar da motocin da jakarsu ta fashe a hatsari, aka rufe wurin, aka cire ƙwan fitilar.

RAV4 ta Amurka daga 2019, ko ta matakin ƙasa ce, tana zuwa da Toyota Safety Sense: birki mai taka kansa idan ka kusa dukan na gaba, gargaɗin fita daga layi, da na'urar daidaita gudu da tazara. Ke nan "marar komai" da ka ce, ba lallai ba ne haka take. CR-V ta Amurka ta sa Honda Sensing a kowane mataki daga 2020. Daga cikin kayan nan, birki mai taka kansa da gargaɗin motar da ke ɓoye a gefenka su ne na ga sun cancanci ƙarin kuɗi.

Kayan alatu: wanne ke biyan kuɗinsa

Rufin gilashi mai faɗi shi ne na farko da zan haƙura da shi. Yana ƙara nauyi a saman mota, yana rage sararin kai, yana shigo da zafi, kuma yana da ƙananan magudanan ruwa da ke toshewa, ruwa ya sauko cikin rufi ko ƙarƙashin kafet inda wayoyi suke. A mota mai shekara uku abin sha'awa ne. A mai shekara goma sha ɗaya, wadda ita za ka kasance da ita a ƙarshen shirinka, yawanci a rufe yake ba a taɓa shi.

Manyan ƙafafu masu inci 19 su ne na biyu. Tayarsu siririya ce, ta fi tsada, tana jin kowane rami, rim ɗin kuma yana lanƙwasa. Inci 17 ta fi taushi da araha. Abin takaici, matakin ƙoli kusan kullum da manyan yake zuwa. Kujerun fata suna da sauƙin gogewa idan yara sun ɓata, wannan gaskiya ne, amma suna ɗaukar zafi, kuma rigar kujera mai kyau tana yin aikin. Murfin but mai buɗe kansa yana da daɗi har ranar da ɗan injin da ke ɗaga shi ya gaji. Kyamarar kowane gefe tana da amfani na gaske ga mai faka mota a matsattsen wuri, sai dai kyamarorinta suna cikin madubin gefe da gaban mota, wuraren da aka fi gogewa, kuma sauya madubi mai kyamara ba kamar sauya na banza ba ne.

Waɗanda nake ganin sun cancanta ƙanana ne, ba a ma tallata su: mafitar sanyi ta kujerar baya, fitilun gaba masu haske sosai, kujerar direba mai tallafar ƙugu, da Apple CarPlay ko Android Auto, domin taswirar da ke wayarka tana sabuntuwa, ta cikin mota kuwa tana tsufa. Yawancin waɗannan a matakin tsakiya ake samunsu. Shi ya sa kwatanta RAV4 ta ƙasa da Tucson ta ƙoli bai zama adalci ga kowaccensu ba. Ka nemi ta tsakiya a duka biyun.

AWD kuwa, wato mai ja da ƙafa huɗu, ga mai tuƙin gari a kan kwalta ba dole ba ce. Tana taimakawa wajen tashi a laka ko yashi ko ƙanƙara, amma ba ta rage tazarar birki. Tana ƙara nauyi da shan mai da wani man da za a riƙa sauyawa a baya, kuma tana son tayoyi huɗu su kasance iri ɗaya, cinsu kusan ɗaya. In hanyar gidanku tana lalacewa da ruwa, ka saye ta. In ba haka ba, kuɗin ya fi amfani a tayoyi masu kyau.

Lissafin daraja

Yanzu ga tushen tambayarka. Me ya sa kuɗi ɗaya yake sayen Tucson ta ƙoli da RAV4 ta ƙasa? Domin Tucson ta fi saurin faɗuwar farashi. Mutane da yawa suna tsayawa a nan su ce to Toyota ta ci. Amma ka duba daga ɓangarenka: kai na hannu kake saye. Babbar asarar Tucson mai ita na farko ya riga ya ɗauka, kai kuma kana cin moriyar hakan. A RAV4 kuwa kana biyan kuɗin sunan ne yanzu, da fatan za ka karɓe shi ranar sayarwa. Ga wanda zai sayar bayan shekara biyu ko uku, RAV4 ta fi ba tantama. Ga mai riƙewa shekara takwas, ratar tana raguwa, domin tsofaffin motoci farashinsu yana matsowa kusa da juna, ko da yake Toyota da Honda sukan ci gaba da samun mai saye da sauri.

Abin da zai yi tasiri a shekara takwas ɗin shi ne gyara. Kuma a nan ba ingancin mota kaɗai ake dubawa ba, har da samuwar kayan gyaranta da masu iya ta a inda kake. Kafin ka biya, ɗauki jerin abubuwa kaɗan ka tambayi farashinsu ga kowace mota: fitilar gaba ɗaya, gilashin gaba, shokazoba, kwamfuresar sanyi, madubin gefe, da birki. Gilashin gaba musamman, domin a motocin da ke da kyamarar birki mai taka kansa, bayan an sauya shi sai an sake saita kyamarar. Ka tambayi kuɗin inshora ma. Rabin yini za ka ɓata, amma zai gaya maka abin da takardar talla ba za ta gaya maka ba.

Garantin Hyundai da ake yawan ambata shi ma a karanta shi da kyau. A Amurka shekara 10 ko mil 100,000 na inji da giya na mai saye na farko ne. In mota ta sauya hannu sai ya koma shekara 5 ko mil 60,000. A Turai shekara 5 ne ba iyakar tafiya. Motar 2019 ko 2020 ta riga ta fita daga wannan ko tana bakin fita.

Abin da zan yi a matsayinka

Da ni ne da yara uku da tuƙin gari, zan fara neman RAV4 mai haɗa fetur da lantarki, ko da ta matakin ƙasa ce, in kuɗin ya kai kuma akwai mai duba ta kusa. In bai kai ba, sai CR-V ta matakin tsakiya daga 2020 zuwa sama, mai cikakken tarihin sabis, saboda yalwar bayanta. Ko RAV4 ta fetur in ka fi son giyar da ba za ka riƙa tunaninta ba. Tucson ba ta fita ba. In sabuwar ƙira ce doguwa, mai injin 2.5 da giya mai mataki takwas, tarihinta a fili, kuma ta fi sauran ƙarancin shekaru da tafiya, to sayayya ce mai kyau, sai dai zan nemi wadda ba ta da rufin gilashi in riƙe ragowar kuɗin don taya da sabis. In kuwa ful-ofshin ɗin da ka gani tsohuwar ƙira ce mai 1.6 turbo da kuloci biyu, zan bar ta.

Ka ɗauki wannan da sharaɗi biyu. Mai irin aikina motocin da ake shakka a kansu ya fi gani, don haka idona ya fi saurin hango matsala fiye da na wanda motarsa take tafiya lafiya shekara da shekaru. Sannan ni ƙira nake kwatantawa, kai kuwa mota guda za ka saya, mai tarihinta. Tucson da aka kula da ita ta fi RAV4 da ta taɓa nutsewa a ruwa ko aka miƙe shasinta bayan hatsari. Saboda haka duk wadda ka tsaya a kanta, ka je da safe a tayar da ita a gabanka injin yana sanyi, ka tuƙa ta aƙalla minti talatin har da cunkoso da hanya mai gargada, a sa mata na'ura a karanta abin da kwamfutarta ta adana, a kuma ɗaga ta a duba ƙasa. In mai sayarwa ya ƙi yarda makanikinka ya duba, ka wuce zuwa ta gaba. In ka samu biyu da suka tsallake wannan, ka aiko min da shekararsu da injinsu da adadin kilomitar da suka yi, sai mu zaɓi ɗaya.